Musayar Waƙa: Fuskar Kati Ko Bayansa?

Mai Kundi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu tara katin wasiƙa. Na buɗe da ƙwar biyar, babban amsa-amo "ya". Mai amsawa ya riƙe shi, ƙaramin kuwa kowa ya zaɓi nasa. Tambayar ɗaya ce: darajar kati a fuska take ko a baya?

Bismillahi, da shi zan fara,
Shi ya yi teku, shi ya yi sahara,
Shi ya ba mu idon lura,
Ga kundina, ku zo mu tattara,
Mu zaga ƙasashen duniya.

Katin nan bai kai tafi biyu ba,
Ambulan ma ba a sa masa ba,
Sirrinsa bai ɓoye wa kowa ba,
Ba a naɗe shi, ba a liƙe shi ba,
Haka yake fita gidan waya.

A 1869 ya fara yawo,
Ƙasar Ostiriya ce ta kawo,
Ba shi da hoto, balle kyawo,
'Yan kalmomi kawai yake ɗauko,
Adireshi gaba, saƙo a baya.

Paris ta yi bikin baje koli,
A 1889 ta cika fili,
Ta tsai da ƙarfe ya wuce misali,
Aka zana Eiffel a ɗan kwali,
Baƙi na aikawa daga hasumiya.

Ni dai ga nawa ra'ayi:
Fuskar kati nake kwaɗayi,
Sabo fil, ba ko ɗigon layi,
Dutsen Fuji da ƙanƙara da sanyi,
Ko Taj Mahal ta ƙasar Indiya.

Wanda ya bi jaka ya tanƙware,
Kusurwa ta cinye, gefe ya ɓare,
Injin ya ƙuje shi, launi ya ƙare,
Sabo nake so, a killace, a tsare,
Mai ja da ni ya fito da gaskiya.

Tattabara:
Wa alaikumus salam, Yaya. To, na ja.

Yaya, na ji batunka sarai,
Amma hujjarka rabi ce kawai,
Hoton Fuji ko'ina akwai,
Dubbai aka buga, iri ɗaya dai,
Ba su da shaidar tafiya.

Juya katin ka dubi bayansa,
Ga kan sarki da sunan ƙasarsa,
Ga hatimi da kwanan watansa,
Ga hannun mutum da rubutunsa,
Nan ake jin bugun zuciya.

Wani ya tsaya a bakin Yamuna,
A Agra, da zafi, da tsakar rana,
Ya ga Taj Mahal, kabarin Mumtaz, ya tuna
Da wani can nesa da yake ƙauna,
Ya rubuta masa: kana lafiya?

Mijinta Shah Jahan ya faɗi tasa da marmara,
Magina dubbai, shekara da shekara,
Mai kati layi uku ya tsara,
Irinsa nake nema, shi zan tara,
Ko da kusurwarsa ta sha wuya.

Da hoto ya zo, baya na adireshi ne,
Saƙo a gefen hoto yake zaune,
Sai a matse shi, wurin ƙanƙane ne,
A 1902 aka sauya zane,
Aka raba bayan biyu a Birtaniya.

Amurka sai 1907 ta bi sahu. Don haka in ka ga tsohon kati da rubutu a matse a gefen hoto, ka san daga wane zamani ya fito tun kafin ka karanta hatimi.

Ɗan Bahar:
Kawu Mai Kundi, Anti Tattabara, ku ba ƙaraminku wuri. Ni inda aka jefa katin nake bi, musamman wuraren da zuwansu ke da wuya.

Vanuatu na da gidan waya a ruwa,
Sai ka yi nutso kafin ka kai gaisuwa,
Katin wurin ba ya jiƙewa,
Hatimin matsi ne, ba ya gogewa,
Don tawada ba ta zama a maliya.

Port Lockroy, can ƙarshen kudu,
Ƙanƙara ta rufe kwari da tudu,
Da tsuntsun fengwin za ka haɗu,
Katin can ba ya zuwa da gudu,
Sai ya biya ta Falkland da Birtaniya.

A Floreana ta Galapagos ganga ce a tsaye,
Tun zamanin maharban manyan kifaye,
Ba kan sarki, ba abin da za ka saye,
Ka sa naka, ka duba na ajiye,
Ka ɗau na hanyarka, ka kai shi lafiya.

To Anti, ga tambaya ta taso:
Na Galapagos ba hatimi ya iso,
Matafiyi ne ya kawo shi da so,
Shin yana cikin waɗanda kike so,
Ko kin bar wa Kawu shi gaba ɗaya?

Tattabara:
Ƙanena, ban ƙi wannan ba,
Baƙo ya kawo, bai san ka ba,
Ba a tilasta masa ɗauka ba,
Bai nemi ladan sawunsa ba,
Hannunsa ne hatimi, na karɓa da godiya.

Dattijo:
'Ya'yana, na saurare ku. Akwai shafi a kundina da ba na buɗewa da sauri: katunan wuraren da yanzu babu su yadda hoton ya nuna.

Gadar Mostar tana kundina,
Tun 1566 aka gina,
Turkawan Usmaniyya ne magina,
Samari na tsalle daga kanta da rana,
Su faɗa kogin Neretva a tsakiya.

A watan Nuwamba, 1993,
Igwa ta kai ta ƙasa, ina gaya muku,
Mutanen gari suka shiga uku,
Labarin ya kai har kunnuwanku,
Ranar baƙin ciki a Bosniya.

An sake gina ta, an buɗe ta,
A 2004 aka yi bikinta,
Sabuwar ta ɗauko duk siffarta,
Kati biyu, wa zai bambanta?
Sai kan sarkin da ya ce Yugoslabiya.

Ƙasar da ta buga shi ta wargaje,
Ba jirgin da zai kai ka can ka je,
Sunanta ya bar taswira, ya yi waje,
Amma a bayan kati yana a ajje,
Haka Silon da ta zama Sri Lanka, haka Chekoslobakiya.

Bam ta Iran, birnin ƙasa,
Ganuwa da soraye har bisa,
Disambar 2003 ta isa,
Girgizar asuba ta zo ta rusa,
Dubban rayuka suka bar duniya.

Halab, hasumiyar babban masallaci,
Shekara 900 da ɗoriya tana kallon lokaci,
A 2013 ta faɗi cikin rikici,
Duk sanda na ga katinta sai in ji ɗaci,
Ladani nawa suka hau ta a Siriya?

Moynaq, masunta na fita da shiga,
Tekun Aral a kati kowa ya ga,
Aka kai kogin Amu Darya gonar auduga,
Ruwa ya janye, ƙasa ta tsaga,
Jirage kan yashi, teku ya juya baya.

Mai Kundi ɗana, fuska na da amfani,
Ita ke riƙe abin da ido ya gani,
Amma wace shekara, wane zamani?
Hoto kaɗai ba ya ba da bayani,
Amsar tana rubuce a baya.

Mai Kundi:
Baba, na ji, kuma na rusuna,
Amma bari in ƙara magana,
Abin da ya kawo ƙwalla idona,
Gadar ce da samarin cikin rana,
Lamba ba ta taɓa zuciya.

Mai hoto ma aiki ya yi,
Ya jira haske, ya jira yanayi,
Ya hau tudu da kaya mai nauyi,
Shi ya sa nake tsare abin da ya yi,
Kada jaka ta murje shi a hanya.

Malama Tawada:
Baba, Yaya Mai Kundi, Yaya Tattabara, ku gafarce ni. Tun da aka ambaci mai hoto, dole in yi magana. Ni tsofaffin katunan Afirka ta Yamma nake tarawa, na zamanin mulkin mallaka, kuma abin da na gani a fuskarsu da bayansu bai bar ni na zaɓi ɓangare ba.

Fortier Bafaranshe ne mai hoto,
Daga Dakar da na'urarsa ya fito,
Ya bi kogin Neja, gari-gari ya ɗauko,
Dubban katuna daga nan suka ɓullo,
Suka bazu Turai ta gidan waya.

A katinsa muka ga kangon Jenne,
Tsohon masallaci, rusasshe ne,
A 1906 haka yake zaune,
A 1907 sabon ginin ne
Ya tashi, mafi girman ginin laka a duniya.

Wannan alheri ne, ban hana shi,
Tumbuktu ma ya je ya ɗauke shi,
Mai tarihi har yau yana bin shi,
Titi da kasuwa, ya ga yadda aka bar shi,
Kafin zamani ya sauya musu kaya.

Amma ku duba sauran katunansa,
'Yan mata tsaye gaban na'urarsa,
Ba mayafi, an tsai da su don kasuwarsa,
Ba sunan kowa a ƙarƙashinsa,
Sai lamba da sunan ƙabila ɗaya.

Wa ya tambaye ta ko ta yarda?
Wa ya nuna mata wannan takarda?
Tana da uwa, tana da gida,
Tana da sunan da aka raɗa,
Kati ya haɗiye shi gaba ɗaya.

Yaya Tattabara, bayan ma haka,
Sau da yawa sojan mulkin mallaka,
Shi ya rubuta, shi ya aika,
Yana kiran ƙasar wasu "tawa" da "taka",
Akwai hannun da ba ya rubuta gaskiya.

Ɗan Bahar:
Malama, jikina ya yi sanyi,
Irin wannan kati me za a yi?
A ƙona shi, a huta da nauyi?
Ko a bar shi a kundi a layi,
Kusa da Fuji da Indiya?

Malama Tawada:
Ƙanena, kar ka kai shi wuta,
In ka ƙona, shaida ce ta ɓata,
Mai laifi ne kaɗai zai huta,
Ita kuwa an sake shafe ta,
Karo na biyu, daga duniya.

Nawa a kundi daban na sa su,
Ba na rataye su, ba na baza su,
Mai bincike in ya zo ya gan su,
Na rubuta gari da shekararsu,
Da sunan mai ɗauka, ya ɗau kunya.

In na buɗe, idonta nake dubawa,
Wata a ɗaure fuska, wata ta gaji da tsayuwa,
Kitsonta da awarwaronta nake lurawa,
Wata ce ta zauna ta yi mata kitsewa,
Mutum ce mai dangi, ba kayan sayarwa a hanya.

Tattabara:
Ƙanwata, maganarki ta zauna,
Akwai hannun da ba ya rubuta ƙauna,
Amma shi ma bayan ne ya nuna
Wane ne shi, wane sansani, wace rana,
Da kansa ya ba da shaida, ba ƙarya.

Sabon Shiga:
Iyayena, ina gaisuwa,
Ni sabo ne a harkar tarawa,
Ta ina ake fara samowa?
Kuma ya ake yi wurin adanawa,
Don su daɗe cikin lafiya?

Ɗan Bahar:
Barka da zuwa, abokina. Ta farkon tawa ce.

Shafin intanet na Postcrossing, je ka yi rajista,
Ɗan Fotugal ne ya kafa ta,
Paulo Magalhães, a 2005 ya buɗe ta,
Adireshin baƙo za ta ba ka, ka rubuta,
Wani baƙon ya aiko maka daga wata nahiya.

Kan sarkin da ka liƙa na ƙasarka,
Shi zai ƙetare da shi kowace iyaka,
Yarjejeniyar Bern ce ta sa haka,
Tun 1874, kafin kakanka,
Ta haɗa gidajen wayar duniya.

Mai Kundi:
Adanawa kuwa, zo nan ɗana,
Abokan gaba: danshi da rana,
Sai kuma gam, shi ne mai ɓarna,
Kar ka liƙa kati, ka ji magana,
Ranar ɓarewa zai tafi da baya.

Kowanne da aljihunsa shi kaɗai,
Takarda marar asid ita ce daidai,
Riƙe shi ta gefe, hannu tsaf dai,
Biro a'a, fensir kawai,
Salatif kan bar tabo rawaya.

Ni har yanzu sabon kati nake nema, amma, Malama, in kin amince ina son ganin na kangon Jenne, fuska da baya. Zagaye na gaba gadoji ne, tun da Baba ya buɗe mana ƙofa da ta Mostar. Ƙwar huɗu, amsa-amo "ra". Kowa ya zo da katin gada ɗaya, ya faɗi kogin da ta ƙetare da shekarar da aka gina ta. Malama Tawada ce za ta fara.