Don Allah a taimaka min da 1 Korintiyawa 15:29

'Yan'uwa salama. Ƙanena ya fara bin 'yan Mormon, cocin da Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, kullum sai mun yi muhawara a gida. Suna cewa Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi, na buɗe masa Yohanna 4:24, Allah Ruhu ne, ya yi shiru. Amma kan baftisma domin matattu da suke yi, wato a yi wa mai rai baftisma a madadin wanda ya mutu, ya kawo 1 Korintiyawa 15:29 wai ai Bulus ma ya ambata, nan fa na rasa ta cewa. Fastoci da malamai, Bulus goyon bayan abin ya yi ne ko misali kawai ya kawo yana kare tashin matattu? Mama ta damu sosai, ko barci ba ta yi.