Shirin 8(a) na Amurka: yana gina ƙananan kamfanoni ko yana sangarta su?

Ɗan Kwangila: Ni dai ra'ayina, shirin 8(a) na SBA, hukumar ƙananan kasuwanci ta Amurka, wanda aka yi don tallafa wa ƙananan kamfanonin waɗanda aka bari a baya, sangarta kamfani yake yi. Shekara 9 ana iya ba ka kwangilar gwamnati kai tsaye ba gasa. Ranar da wa'adin ya cika ka fito kasuwa, sai ka tarar ba ka iya tsara farashin da zai kayar da abokin takara ba. Kuma ba a shiga sau biyu.

Hajiya Mai Lissafi: Alhaji, ka tsallake rabin tsarin. Shekara 4 na farko ne na raino. A 5 na ƙarshe dole wani kaso na kuɗin shigarka ya fito daga ayyukan da ba na shirin ba, ana farawa da kashi 15 cikin 100, yana hawa duk shekara. Wanda ya gaza, ana iya hana shi kwangilar kai tsaye. Wannan yaye ne.

Ɗan Kwangila: A takarda haka yake, Hajiya. A aikace fa? Babban kamfani ya samu mai takardar 8(a), ya sa shi a gaba, shi ya yi aikin a baya.

Malam Lauya: Ana yi, amma laifi ne. A kwangilar hidima ba a yarda ka miƙa fiye da rabin kuɗin ga kamfanin da ba ƙarami mai takardar 8(a) irin naka ba. Mallakar kashi 51 ma ba ta isa ba: sai kai ne mai tafiyar da kamfanin kullum, kai ke sa hannu a banki. A nan masu aron suna suke faɗawa hannu.

Abin da ya fi damuna ƙofar shiga ce. Bayan hukuncin wata kotun tarayya a jihar Tennessee a 2023, launin fata kaɗai ya daina zama hujjar cancantar shiga shirin, aka koma neman bayanin wariyar da mutum ya fuskanta.

Hajiya Mai Lissafi: Ga 'yan uwanmu na Bronx a birnin New York kuma, katin izinin zama na dindindin bai wadatar ba, sai ɗan ƙasa. Dukiyarka kada ta kai dala 850,000, ban da gidan da kake ciki da jarin kamfanin. Sannan yawanci ana son shekara 2 ana kasuwanci da takardun haraji. Mai shagon da yake zuba cinikinsa da kuɗin cefane a asusu ɗaya, tun nan ake mayar da shi.

Ɗan Kwangila: To kun gani. Wanda ya fi buƙata shi ne ba ya kaiwa ƙofar.