Ranar zumunci a makaranta: me za a sa yara su yi?

Malamar Aji Uku, Gwale

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Wasu makarantun kuɗi a nan Kano suna ware rana guda don koya wa yara abota da kyautata wa juna. Asalin abin daga ranar 14 ga Fabrairu aka kwaso shi, lokacin da yaran Amurka ke musayar kati a aji. To kun san iyayenmu, da sun ji an ambaci Valentine magana ta ƙare, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa a makarantarmu aka mayar da shi makon da za a dawo daga hutun Ƙaramar Sallah, aka sa masa suna ranar zumunci. Yara 45 ne, 'yan shekara 7 zuwa 9, lokacin awa biyu da rabi ne, kuɗi kuma babu na kirki. Wane aiki za a ba su da za su ji daɗi kuma su ƙaru, ba cin biskit da tsalle-tsalle kawai ba? Don Allah a faɗi ma'auni da abin da yakan ɓaci.

Malam Mai Kimiyya

Wa alaikumus salam Malama. Ki sa su rubuta wa juna ɓoyayyiyar wasiƙa da ruwan kanwa, a fito da rubutun da zoɓo. Duk kayan akwai su a kasuwar Rimi ko wajen mai kayan miya na unguwa.

Ana gobe ki daka kanwa kamar girman goro ɗaya, ki jiƙa a gwangwanin madara ɗaya na ruwan ɗumi, ki bari ya kwana. Da safe ki tsiyaye na sama a hankali ki bar lakar a ƙasa, don idan ruwan ya yi duhu rubutun zai nuna tun kafin lokaci, sirri ya tonu. Wannan gwangwani guda ya ishi ajin duka, a raba a murafen kwalba. Abin rubutu kuwa, alƙalamin kara irin na makarantar allo ya fi komai, yaran sun riga sun saba da riƙe shi. In babu, tsinken goge kunne ya yi. Su yi manyan baƙaƙe, kalma biyar zuwa takwas, kada su cika ruwa har takarda ta yamutse. A shanya a inuwa minti 15.

Zoɓon kuma, busasshe cikin tafin hannu ɗaya a gwangwani shida na ruwan zafi, minti 10, a tace ya huce. Ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Wanda aka ba wasiƙa sai ya tsoma auduga ya riƙa dangwalawa a kan takardar. Nan take wajen da kanwa ta taɓa zai juye ya koma kore-kore mai duhu, sauran takardar ta tsaya a ja.

Inda ake faɗuwa wuri uku ne. Na farko, yin zoɓo mai kauri irin na sha. Zoɓo kansa tsami gare shi, idan ya yi ƙarfi sai tsaminsa ya kashe kanwar, ba a ga komai. In kin ga haka ki ƙara masa ruwa. Na biyu, gogawa maimakon dangwalawa: kanwar narkewa take ta bi audugar, rubutu ya zama dabbare. Na uku ita takardar. Farar takardar hoto-kwafi takan sa jan zoɓo ya koma shuɗi-shuɗi idan ya fara bushewa, sai bambancin ya ragu. Ki gwada iri biyu ko uku ana gobe, ki zaɓi wadda rubutu ya fi fita a kai.

Kafin a raba wasiƙu ki jera kofi uku masu gani-har-hanji da zoɓo a ciki. Ki matsa lemon tsami a na farko, jan zai ƙara haske. Na tsakiya ki ƙyale shi. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa, su ga ya rine. Daga nan ki tambaye su me ya sa ake sa kanwa a kunun da ya yi tsami, a nan darasin yake. A hana sha, a hana taɓa ido, kuma duk mai farin hijabi ta naɗe shi baya, don tabon zoɓo ba ya fita da sauƙi.

Hajiya Hedimistires

Malam ya gama magana a kan yadda za a rubuta. Ni damuwata wa zai rubuta wa wa. Malama, kada ki kuskura ki ce kowa ya rubuta wa abokinsa. Yarinya ɗaya za ta tashi da wasiƙa bakwai, wasu yara biyar ko shida su koma gida hannu rabbana, kuma su ne dai waɗanda aka shirya ranar dominsu: sabon zuwa, mai in'ina, wanda kullum shi kaɗai yake cin abincinsa.

Cusa sunaye a hula kowa ya zara ma yana da matsala, wani zai zaro sunan kansa, a yi ta maimaitawa lokaci na tafiya. Ga hanya mai sauƙi. Ki rubuta sunaye a 'yan takardu, na maza daban na mata daban, ki cakuɗa, ki jera su a layi kan tebur. Na farko ya rubuta wa na biyu, na biyu ya rubuta wa na uku, har na ƙarshe ya zagayo ya rubuta wa na farko. Kowa ya bayar da ɗaya, kowa ya karɓi ɗaya. Ki ajiye 'yan wasiƙu biyu na hannunki saboda wanda marubucinsa bai zo makaranta ba ran nan.

Ki kuma ƙayyade abin da za a rubuta: alheri guda da ka ga ya yi. "Ka ara mini fensir." "Kin raka ni shan ruwa." Ba zancen kyau, ba zancen kayan Sallah. Tunda rubutun ɓoyayye ne, kowa ya fara rubuta jimlarsa da fensir a littafinsa ki duba tukuna, in ba haka ba sai wani ja'iri ya rubuta wa ɗan'uwansa "ƙaton kai" ba ki sani ba sai zoɓo ya tona. Kyautar saye kuwa a hana ta gaba ɗaya, a sanar da iyaye tun da wuri, domin da an buɗe wannan ƙofa an koma gasar wa ubansa ya fi kuɗi. Idan wani uba ya nemi dalilin ranar, hadisi na 13 a Arba'una da yaran ke haddacewa a Islamiyya ya isa amsa, wanda ya ce imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

Baban Lissafi

A ba lissafi minti 20. Ki raba su rukuni-rukuni na mutum shida, ki tambaya: in kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha nawa ke nan? Yawanci za su ce 36 ko 30. Su tashi su yi, ɗaya yana jan layi a allo. Na farko zai gaisa da 5, na biyu saura 4, sai 3, 2, 1, jimla 15. Kuskuren shi ne ƙirga gaisuwa ɗaya sau biyu, kuma gara su gano da kansu. Masu kaifin kai ki ba su mutum 10, amsa 45. In kina son ki ga an buɗe baki, ki gaya musu na ajin duka 990 ne.

Anti Mai Sana'ar Hannu

Malama, za a ba ki shawarar kwaɓa fulawa da gishiri a yi duwatsun awarwaro. Ban goyi baya ba. Ba ya bushewa a yini ɗaya, kuma a tsadar nan iyaye ba za su ji daɗin an yi wasa da abinci ba. Tsohuwar kalanda ta fi.

A yanka ta dogo-dogo, tsawon santimita 25, faɗin gindi santimita 2, tana tsukewa har ta yi tsini. Yaro ya ɗora gindin a kan tsinken tsintsiya, ɓangaren mai launi yana waje, ya naɗe da ƙarfi, ya shafa ɗan gam a tsinin ya danne har ya ƙirga goma, sannan ya zare. Bakwai ko takwas sun zagaye hannun yaro. Ke nan kina buƙatar yanka 360, don haka ki yanka su a gida, reza ba ta shiga aji. Gam ɗin sitaci ne: babban cokali ɗaya a dama da ruwan sanyi kaɗan, a zuba a gwangwani ɗaya na tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi sheƙi. A yi shi da safiyar ranar, in ya kwana biyu tsami yake yi ya tsinke. Abin da yakan ɓaci shi ne shafa gam tun daga gindi, sai dutsen ya manne da tsinken, garin zarewa ya warware. Mata su shirya awarwaro a zaren roba, maza su yi abin rataya makulli, kuma kowa ya bi tsari irin ja biyu shuɗi ɗaya, abokinsa ya canki tsarin.

Malam na Ƙofar Mazugal

Tunda daga yawon Sallah suka dawo, a tambaye su gidan wa da wa suka je, a rubuta a allo: baffa, kawu, goggo, inna, kaka, taubashi. Za ki sha mamakin yawan yaran birni da kowa "anti" ne da "onkul" a wajensu, ba su san kawu ta wajen uwa yake baffa ta wajen uba ba. Sai dai kada a ce kowa ya zana bishiyar iyalinsa a fara da uwa da uba. A kowane aji akwai maraya, akwai wanda iyayensa suka rabu. A zana gidan wani yaro na ƙage a allo, kowa ya tayar da sunayen.

Malamar Aji Uku, Gwale

Allah ya saka da alheri. Amma anya awa biyu da rabi za su ɗauke wannan duka?

Hajiya Hedimistires

Ba za su ɗauka ba. Ki fara da rubutun kanwa, minti 30, a shanya. Lokacin da takardu ke bushewa a yi musabahar Baban Lissafi da sunayen dangi, minti 40. A sha iska minti 15, sai kofuna uku da buɗe wasiƙu, minti 40, sauran na wanke hannu da shara ne. Awarwaron ki kai shi darasin aikin hannu na mako mai zuwa, yara 'yan shekara bakwai sai sun ɓata uku kafin su naɗe ɗaya mai kyau. Kuma ki sa kowa ya rubuta sunan wanda zai ba da fensir a bayan takardar tun kafin ya tsoma alƙalami, domin idan guda 45 suka bushe duk farare ne, ba mai gane tasa.