Kuɗin wutar kwamfutar da ba a kashewa

Ga abin da masu gyaran kwamfuta a Nima, Accra, suka tsaya a kai. Kwamfutar tebur da allonta, idan tana jan wat 100, a awa 24 ta ci yunit 2.4, a wata yunit 72. Ninka shi da farashin yunit na ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki na Ghana, ka ga inda kiredit ɗin mita yake zurarewa. Laftof ba ta kai rabin haka ba.

Idan ba aiki take yi ba, sa ta barci, jan wutar zai sauka ƙasa da wat 5. Da dare a kashe soket gaba ɗaya, domin dawowar wuta bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, kan ƙona na'urar wutarta. UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, shi ma yana shan nasa ko kwamfutar na kashe. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar fankar kwamfutar.