Marcel Pagnol: me ya raba shi da dandamali ya kai shi silima?

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum, malamai da iyayena na wannan zaure. A lakwal mun san Pagnol da labarin ƙuruciyarsa, sai ga shi an ce mini da wasan kwaikwayo ya fara yin suna, daga baya ya koma fim. Me ya sa mutumin da jama'a ke cika masa ɗakin wasa a Paris zai bar wannan ɗaukaka?

Malamin Faransanci, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Pagnol malamin Turanci ne tun farko, an haife shi a Aubagne, kusa da Marseille a kudancin Faransa, a 1895. Wasanninsa na dandamali, Topaze a 1928 da Marius a 1929, su suka fito da shi. A daidai lokacin ne fim mai magana ya bayyana, ya je Landan ya gani da idonsa, ya gane cewa marubucin da jarinsa zance ne ya sami sabuwar kasuwa, domin fim na bebe ba shi da abin da zai yi da hirar mutanen tashar jiragen ruwa ta Marseille da ke cikin Marius. Alexander Korda ya mai da Marius fim a 1931, Marc Allégret ya yi Fanny, ci gaban labarin, a 1932, shi kuwa César na 1936, kashi na uku, Pagnol ya rubuta shi domin silima kai tsaye, ya kuma ba da umarni da kansa.

Tsohuwar 'yar wasa, Sabon Gari:
Malam, a gafarce ni, amma masu suka na zamaninsa sun ce wasan dandamali kawai yake ɗauka da kyamara, kuma ina ganin suna da hujja. Wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya san ɗan wasa yana jiran dariya ta lafa kafin ya ci gaba, kyamara kuwa ba ta ba shi wannan numfashi.

Malamin Faransanci, Zango:
Gaskiyarki, Hajiya, sai dai ya kafa kamfaninsa, ya fita da 'yan wasa cikin duwatsu da ƙauyukan kudancin Faransa, inda ake jin iska da karin harshen mutanen wurin. Wannan dandamali ba ya iya bayarwa. Ɗana, ka nemi wurin da ake wasan karta a fim ɗin Marius, ka saurari yadda ɗan wasa Raimu ke jan magana, sannan ka dawo mu tattauna.