Zan je Cape Town, ta ina aka fi ganin tashar jiragen ruwa daga sama?

Uwar_biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san Cape Town ku taimaka min da shawara. Aiki ne zai kai ni Afirka ta Kudu cikin Disamba in Allah ya kai mu, kuma hajiyata za ta bi ni, to ni dai burina in hau dutsen nan Table Mountain in ga gari da teku da jiragen ruwa daga sama, amma hajiya gwiwa ta matsa mata ba ta iya doguwar tafiya. Shin dole sai da ƙafa ake hawa? Kuma safe ya fi ko yamma? Na gode.

Ɗan_tasha:
Wa alaikumus salam hajiya. Ba dole sai da ƙafa ba, akwai motar kebul da ke ɗaukan mutane har sama, tun 1929 take aiki, a 1997 aka sabunta ta aka kawo waɗanda ƙasansu ke juyawa a hankali, kina tsaye wuri ɗaya za ki ga ko'ina, mutum 65 take ɗauka kuma wajen minti biyar kun kai. Saman a shimfiɗe yake, kusa da inda ake sauka an gyara hanyoyi, mama za ta iya takawa kaɗan ta samu wuri ta zauna.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne iska. Disamba can lokacin zafi ne, kuma lokacin ne iskar kudu maso gabas ta fi ƙarfi, in ta taso rufe kebul ɗin ake yi gaba ɗaya ko da kin sayi tikiti. Ita dai iskar ce ke kwaso danshi daga teku ta hau da shi kan dutsen, yana isa sama sai ya yi sanyi ya zama gajimare ya kwanta a kan dutsen kamar an shimfiɗa farin zane, yana zubowa ta gefen gari yana ɓacewa. Daga ƙasa abin gwanin kyau wallahi, amma in kina cikinsa a sama ko mutumin da ke gabanki da kyar za ki gani balle jirgin ruwa. Saboda haka kar ki ce sai ranar ƙarshe, duk safiyar da kika leƙa kika ga kan dutsen fes babu gajimare, ki duba shafinsu na intanet ko sun buɗe, ku kama hanya kawai. Ku tafi da rigar sanyi, dutsen ya haura mita 1,000, ana iya zufa a gari sama kuma ana rawar ɗari.

Mai_kyamara:
Duk abin da malam ya faɗa haka ne, sai dai ni ina da ja kaɗan. Ta ce tashar jiragen ruwa take son gani ai. Daga kan Table Mountain komai ya yi nisa, jiragen ƙanana za ki gan su, faɗin wurin ne dai zai cika miki ido, ga gari a ƙasa tsakanin duwatsu ga unguwar bakin teku ta Camps Bay ta ɗaya gefen. In dai tashar ce da gaske to Signal Hill za ku je, tsayinsa wajen mita 350 ne kawai kuma mota na kai ku har sama babu ruwan mama da hawa, ba a rufe shi don iska, kuma sau da yawa gajimaren na can kan babban dutsen nan kuwa garau. A hanyar hawa da kewayen wurin za ki ga tsohuwar tashar da aka mayar wurin kasuwanci da shaƙatawa wato V&A Waterfront, gaba da ita manyan injinan ɗaga kwantena, ga jirage a waje suna jiran a shigo da su, ƙananan jiragen da ke jan manyan suna kai da komo, ga filin ƙwallon da aka buga gasar cin kofin duniya ta 2010 a ƙarƙashinki. Kuma daga nan ne za ki ga shi Table Mountain ɗin kansa da kyau, wanda ke kansa ai ba ya ganinsa.

Yamma ta fi a Signal Hill saboda faɗuwar rana cikin teku, a Disamba sai wajen ƙarfe takwas take faɗuwa, amma ku je da wuri don wurin ajiye mota na cika, kuma ku sauko tare da jama'a kar ku tsaya bayan an watse.

Malam_tarihi:
'Yar uwa in kun hau ki nuna wa hajiya tsibirin da ke kwance a tsakiyar ruwa, Robben Island ke nan inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tun kafin shi Turawan Holan sun tsare malaman Musulunci a can da suka kwaso daga tsibiran Indonesiya, cikinsu har da Tuan Guru, wanda bayan fitowarsa ya zama limamin masallacin Auwal da aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Masallacin yana unguwar Bo-Kaap a gindin Signal Hill ɗin nan, mai gidaje kala kala, kuna iya yin azahar a can. Ni duk sanda na tsaya a sama ina kallon ruwan nan tsakanin tsibirin da gari jikina sanyi yake yi, ga gari ido na gani amma mutum ba shi da ikon zuwa.

Sannan kar ku firgita in kun ji ƙarar igwa da sha biyun rana daidai, a jikin tudun ake harba ta kullum ban da Lahadi da ranakun hutu, tun 1806 ake wannan a garin, asali don jiragen da ke tasha su saita agogonsu ne.

Ɗan_tasha:
Na yarda da maganar Signal Hill, amma dan Allah kar ta bar babban dutsen in rana ta yi kyau. Ƙari ɗaya, in wani ya ce miki ki bi Platteklip Gorge da ƙafa ki haɗu da mama a sama, ki sani hawa ne na awa biyu zuwa uku kan matakalan dutse, inuwa kaɗan ce, ba a yinsa mutum ɗaya kuma ba a yinsa da tsakar rana. A sama za ku ga rema suna shan hantsi kan duwatsu, ba sa gudun mutane, kar ku ba su abinci, suna cizo.

Uwar_biyu:
Kai masha Allah na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa hajiya, da ta ji maganar masallacin nan cewa ta yi can za mu fara zuwa. To za mu sa ido kan gajimaren, in ya sarara mu hau kebul da safe, Signal Hill kuma da yamma. Tambaya ɗaya ta rage malam Ɗan_tasha, ana barin mutum ya shiga kebul ɗin da keken guragu? Ina tunanin in tafi mata da shi saboda tsayuwar layi.