Digirin soshiyoloji: sana'a ce ko kwalin ado?

Malamin sakandare: Ni dai ina nan kan bakana, wanda ya karanta soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, bai fito da sana'a a hannu ba. Shekara 4 in ta JAMB ya shiga, 3 in ta DE ce, wato shiga aji biyu kai tsaye, ga shekarar bautar ƙasa, sannan sai me? Lauya na da kotu, likita na da asibiti. Ko koyarwar ma, ba a rubuta soshiyoloji a WAEC. Sai ya ƙaro PGDE, wato babbar difloma ta koyarwa, ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, kana a ba shi darasin gwamnati.

Jami'ar bincike: Malam, da gyara. Sana'ar na nan cikin kwasa-kwasan da ɗalibai ke gudu, wato dabarun bincike da ƙididdiga. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu suna ɗaukar masu tattara bayanai da masu sa ido kan ayyuka. A intabiyu ba a tambayar ra'ayoyin Durkheim, ɗaya daga cikin magabatan fannin. Cewa za a yi, a gari mai mutum 10,000, mutum nawa za ka tambaya? Da lissafin Yamane na fitar da adadin waɗanda za a tambaya, kuskuren kashi 5 cikin ɗari, amsar 385 ce. Sai a ce ɗora tambayoyin a manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, fitar da sakamakon a manhajar ƙididdiga ta SPSS ko Excel. Wanda ya kai furojet ɗinsa shagon kwamfuta aka haɗa masa, nan asirinsa ke tonuwa.

Malamin sakandare: To ai wanda ya karanta ƙididdiga ya fi shi iya wannan, Hajiya.

Jami'ar bincike: Lissafin kam ya fi shi. Amma tambaya in ta karkace, lissafi ba ya miƙar da ita. Ka tambayi magidanci 'ya'yansa nawa, ya haɗa har da na riƙo. Ka tara maza da mata zaure ɗaya, matan su yi gum. Shi ya sa ake raba su, mutum 6 zuwa 12 a zama guda, a mayar da tambayoyin Hausa, wani daban ya sake mayar da su Turanci a gwada, a kuma jarraba su a wata unguwa kafin a fita fili.

Tsohon ma'aikaci: Ku duka kun tsallake gwamnati. Hukumar gidajen gyaran hali, wadda aka sauya wa suna a 2019, da NDLEA da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane da hukumar ƙidayar jama'a duk wurarensa ne, kuma mai digiri a mataki na 8 yake farawa. Sai dai Malam na da gaskiya ta wani gefen: gurbin ba nasa ba ne shi kaɗai, da ɗan kimiyyar siyasa da ɗan tarihi za su yi layi.

Malamin jami'a: Ranka ya daɗe, a ƙara da maki. A ma'aunin 5, mai 3.50 zuwa 4.49 shi ke da 2:1, wato daraja ta biyu ta sama, kuma daga shi zuwa sama jami'a ta fi ɗauka ƙaramin malami. Mai 2:2, wato darajar da ke ƙasa da wannan, ya shiga digiri na biyu tukuna.

Malamin sakandare: Kenan kullum sai an ƙara masa wani abu kafin ya ci abinci. Ai maganata kenan tun farko.

Jami'ar bincike: Lauyan naka ma ai sai ya je makarantar lauyoyi, Malam.